Daga Bakin Likita Zuwa Bakin Mai Zagi

Duk wanda ya yi lakwal a Nijar ya san kalmomin nan uku: "idiot", "imbécile", "débile". Su ne abin da mushe kan jefi yaro da su idan ya kasa lissafi a allo. Na haura shekara ashirin ina koyarwa, yanzu ina nan Gidigir ta gundumar Gure, kuma har yau ina jin yara suna jifar juna da su a filin wasa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, an taɓa rubuta waɗannan kalmomi a takardun asibiti a matsayin sunayen lalura, kamar yadda ake rubuta zazzaɓin cizon sauro.

A 1905 wasu Faransawa biyu, Alfred Binet da Théodore Simon, suka fito da gwajin auna fahimtar yara, domin a gano masu buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Gwajin ya ƙetara Amurka, inda Henry Goddard na makarantar Vineland a jihar New Jersey ya karɓe shi. A 1910 ya kasa masu raunin fahimta gida uku. Babban da tunaninsa bai wuce na ɗan shekara biyu ba shi ne "idiot", na shekara uku zuwa bakwai "imbecile", na takwas zuwa goma sha biyu kuwa ya ƙago masa sabon suna daga Girkanci, "moron". A ganinsa suna ne na ilimi, mai tsabta. Kafin a je ko'ina ya zama zagi a bakin kowa.

Dalili kuwa a bayyane yake idan muka duba abin da aka yi wa masu ɗauke da sunan. An killace su a gidajen gwamnati, an kuma yi dokokin hana su haihuwa. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta amince a yi wa wata budurwa mai suna Carrie Buck aikin hana haihuwa a jihar Virginia, bisa hujjar cewa da ita da mahaifiyarta da 'yarta duk masu raunin hankali ne. Daga baya masu bincike suka nuna 'yar tata ta yi makaranta lafiya lau. Mutane sama da 60,000 aka yi wa irin wannan aiki a Amurka. Sunan da ke kai mutum ga wannan wulaƙanci, wa zai so a kira shi da shi? Shi kuma mai neman ya ci zarafin abokin faɗansa ya sami makami.

Da likitoci suka ga haka, sai suka koma ga "mental retardation" wajen shekarun 1960, ma'ana jinkirin fahimta. Ita ma ta bi sahun na baya, har a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ake kira Dokar Rosa, wadda ta cire kalmar daga dokokin tarayya na lafiya da ilimi da ƙwadago. A Ingila ma haka aka yi da "spastic", sunan lalurar sandarewar gaɓoɓi. Yara suka mai da shi abin tsokana, har ƙungiyar da ke ɗauke da sunan ta sauya zuwa Scope a 1994. Akwai kuma sunan da tun tushe da raini aka haife shi: a 1866 likita John Langdon Down ya kwatanta fuskar wasu yara da ta mutanen Mongoliya, sunan ya bi su kusan shekara ɗari, sai a 1965 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina amfani da shi bayan ƙasar Mongoliya ta yi ƙorafi. Masanin harshe Steven Pinker ya kwatanta wannan da tafiya a kan injin motsa jiki: kana ta taku, kana nan inda kake.

To mu dawo gida. Kuturu, makaho, gurgu, bebe, kurma, duk sunaye ne na halin da jiki ke ciki, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne a kunne. Wanda ya fi shan wuya shi ne kuturu. Muna cewa wane yana da zuciya kamar kuturu, muna zagi da "kuturun bawa". Ga kuma unguwar Kara-Kara a Damagaram, inda aka keɓe kutare a da. Tun 1873 likitan Norway, Gerhard Hansen, ya gano ƙwayar cutar. Tun shekarun 1950 ake jinyarta a asibitin Danja kusa da Maraɗi, kuma tun 1995 maganinta kyauta ne a duniya. Cutar tana warkewa, amma tabon ya sauka daga jikin marasa lafiya ya manne wa sunan unguwar da jikokinsu. Fim ɗin Aicha Macky mai suna Zinder, na 2021, a kan samarin wannan unguwa aka yi shi.

Sai dai al'adarmu tana da ɗaya fuskar. A Kano da wasu masarautu akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, naɗaɗɗu, masu faɗa a ji a cikin jama'arsu. Almajiran hadisi kuma sun san A'araj, wato gurgu, da A'amash, mai raunin gani, manyan malamai da aka fi sani da laƙabin lalurarsu, kuma ana ambatonsu da girmamawa fiye da shekara dubu. Bahaushe ma ya ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Kalma tana ɗaukar darajar wanda ake kira da ita, in ya ɗaukaka ta ɗaukaka, in aka tura shi bara a bakin tasha ta bi shi can.

Yanzu mun tashi daga "musakai" zuwa "naƙasassu", gidajen rediyo kuma sun koma "masu buƙata ta musamman". Ina goyon bayan duk sunan da su masu abin suka zaɓa wa kansu, domin su ke jin zafin. Amma tarihin Ingilishi ya nuna mana cewa sabon suna yana tsufa da wuri idan rayuwa ba ta sauya ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, duk da haka a karkararmu yaro kurma ko makaho ya fi zama a gida fiye da aji.

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ke nan akwai aiki a gabanmu na samar da sunayen waɗannan lalurori a littattafan makaranta da takardun asibiti. Shawarata ga masu wannan aiki ita ce su zauna da ƙungiyoyin makafi da kurame kafin su rubuta komai. Ga 'yan uwana malamai kuwa, mu ne ƙofar da "imbécile" ta bi ta shigo bakin yaranmu. Mu fara da cire ta daga namu bakin, sannan mu ajiye benci a sahun gaba domin yaron da ba ya ji sosai.