Gubar dalma da enzayim masu kare jiki

Enzayim masu kare jiki sinadarai ne da ƙwayoyin halittar ɗan Adam ke haɗawa don kawar da gurɓatattun ɓurɓushin iskar oksijin, waɗanda ke lalata tantanin ƙwayar halitta da DNA. Fitattu daga cikinsu su ne SOD da katalas da GPX. Kowannensu yana da ƙwayar gado da ke tsara yadda ake haɗa shi, kamar SOD1 da SOD2.

A shekarar 1956 Denham Harman na Amurka ya kawo ra'ayin cewa taruwar wannan ɓarna ce ke jawo tsufa. Daga baya masana suka riƙa kwatanta ƙwayoyin gadon masu dogon rai da na sauran jama'a, sai dai sakamakon binciken ya sha bamban daga wata al'umma zuwa wata.

Muhalli ma yana da tasiri. Dalma tana rage sinadarin gulutatayon mai kare ƙwayoyin halitta, tana kuma dakushe aikin waɗannan enzayim. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara magani, kuma an kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega a 2013.