Allurar kashe zafin naƙuda: Abin da ya kamata a sani

Allurar epidural, wadda wasu ke kira allurar baya, ita ce hanya mafi ƙarfi da likitoci ke da ita ta rage zafin naƙuda. Wani likitan sojan Spain, Fidel Pages, ne ya bayyana yadda ake yin ta a 1921.

Likitan kashe zafi ne ke yin allurar a ƙasan gadon baya, inda yake saka wani siririn bututu kusa da jijiyoyin da ke ɗauke da zafi daga mahaifa. Ta nan ake ci gaba da zuba magani har a haihu, kuma matar tana cikin hayyacinta.

Sai dai allurar tana da nata haɗarin.

Hawan jinin mace na iya faɗuwa, shi ya sa ake auna shi a kai a kai. Wasu na fama da zazzaɓi, ko ƙaiƙayi, ko kasa yin fitsari, kuma lokacin yunƙuri na iya tsawaita.

Kimanin mace ɗaya cikin 100 kan samu matsanancin ciwon kai idan allurar ta huda tantanin da ke riƙe da ruwan laka. Ciwon kan tsananta in ta zauna, ya lafa in ta kwanta. Ana maganinsa ta hanyar ɗibar jininta a toshe hujin da shi.

Lahani na dindindin kuwa ba kasafai ake samunsa ba. Wani bincike da ƙungiyar likitocin kashe zafi ta Birtaniya ta fitar a 2009 ya nuna cewa ko a ƙiyasi mafi muni, mace ɗaya ce cikin kusan 80,000.

Bincike bai nuna cewa allurar na jawo ciwon baya mai ɗorewa ba, ko kuma ƙara yawan tiyatar haihuwa, duk da yadda wannan zargi ya yaɗu.

Ba a yi wa macen da ke shan maganin tsinka jini, ko wadda jininta ba ya daskarewa yadda ya kamata.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi wa mace mai lafiya allurar idan ta nema. Tun kafin nan, a 2015, kotun ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar Montgomery cewa wajibi ne likita ya faɗa wa majiyyaci duk haɗarin da zai iya shafar shawararsa.

Lokacin awon ciki ne ya fi dacewa a yi wannan bayani, domin macen da naƙuda ta ci ƙarfinta ba ta da sukunin auna magana.

A Najeriya dai galibi manyan asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu ne ke yin allurar, saboda ƙarancin likitocin kashe zafi da kuma tsadarta.