Motar a-kori-kura mai dizal: inda ake fara bincike idan shan mai ya ƙaru

Daga Agadas zuwa Marwa, daga Damagaram zuwa Injamena, Toyota Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya su ne jakunan hanya: su ke ɗaukar buhuna, dabbobi da fasinja zuwa inda kwalta ba ta kai ba. Da zarar shan dizal, wato gazuwal, ya ƙaru, yawanci famfon mai da injekta ake fara zargi. Su ne mafi tsada a gyara, kuma sau da yawa ba su ne masu laifin ba.

Kafin a je gareji, a auna. A cika tanki maƙil, a rubuta lambar kilomita, a yi tafiyar da aka saba da kayan da aka saba, a sake cikawa. Litar da ta shiga a ninka ta sau 100, a raba da kilomitar da aka yi. Lita 60 a kilomita 500 na nufin lita 12 a kowace kilomita 100. A maimaita sau biyu ko uku, domin allurar tanki ba ma'auni ba ce. Motar da aka sa wa tayoyin da suka fi na asali girma kuwa, lissafin kilomitarta yakan gaza tafiyar da ta yi, sai a ga kamar ta ƙara sha.

Sai abubuwan da ba sa buƙatar kwance inji. Taya da aka rage wa iska don rairayi aka manta ba a mayar ba, birki mai kamawa (bayan tafiya za a ji ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi), giyar ƙafa huɗu da aka bari a kan kwalta, da lodin da ya yi tsiri sama da kan direba yana tare iska, kowannensu yana cin mai.

Bayan nan, hayaƙin salansa ke ba da labari. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iskar da za ta ƙone shi yawa. A yankinmu filtar iska ce abin zargi na farko, musamman da hunturu da kuma a hanyoyin burji. Al'adar hura ta da iska mai ƙarfi a wurin mai faci tana iya yaga takardar ba a gani ba. Ƙurar da ta bi ta nan sai ta riƙa goge ringi da silinda kamar sanfefa. Sabuwar filta ta fi sabon ringi araha nesa ba kusa ba. In filta lafiya take, a duba tiyon turbo ko ya tsage, sannan bawul ɗin EGR da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, wanda kan toshe da dauɗa. Sai bayan waɗannan ake zuwa kan injekta.

Farin hayaƙi da sanyin safiya, mai ɓacewa in inji ya ɗumama, galibi hita ce ta mutu. In bai ɓace ba kuma ruwan lagireto yana raguwa, gasket ɗin kan inji ake tuhuma. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, ta ringi ko ta turbo.

A batun man kansa ne tsoffin injuna da sabbi suka rabu. 1HZ na Land Cruiser, mai silinda 6 da lita 4.2, da 5L na Hilux mai lita 3.0, famfon gargajiya gare su, injektocinsu na buɗewa da matsin da bai kai bar 200 ba, shi ya sa suke da haƙuri. Masu tambarin D-4D, irin 2KD da 1KD, da 1GD da 2GD da suka fito a 2015, kwamfuta ke sarrafa su, kuma matsin man yana tashi daga bar 1,350 har ya wuce 2,000. A irin wannan matsi, ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi daga jarka ya isa ya fara cinye injekta. Dizal ne ke shafa wa famfonsa maiƙo, don haka man da aka gauraya da kananzir ko fetur yana kashe famfo a hankali. Ƙarƙashin filtar mai akwai matattarar ruwa. Idan fitilarta ta kama a gaban direba, a tsaya a zubar da ruwan, kada a ce sai an isa gari. Kuma kada a taɓa neman yoyo a bututun injekta da hannu inji na aiki: man na iya huda fata.

Motocin hannu da aka shigo da su daga Turai suna da tasu damuwa. An ƙera su don dizal mai sinadarin salfa kashi 10 cikin miliyan, alhali mizanin da ƙasashen CEDEAO suka amince da shi a 2020 kashi 50 ne. Matatar hayaƙinsu, wadda ake kira FAP da Faransanci, tana saurin toshewa da mai mai yawan salfa da gajerun tafiye-tafiye cikin gari, sai ƙarfi ya ragu, sha ya ƙaru.

Akwai kuma ɗabi'ar cire tamostat da sunan ƙasarmu zafi gare ta. Ba ta maganin zafin inji, wanda sau da yawa daga toshewar lagireto ko raunin fanka yake. Tana dai hana injin kai ɗumin da yake buƙata da wuri, ya riƙa shan mai fiye da ƙima. Fitilar T-BELT ita ma ba ta wasa ba ce: a 1HZ, 5L da dangin KD, bel ne ke daidaita motsin bawul da fistan, in ya tsinke ana tafiya sukan yi karo. Dangin GD sarƙa suke amfani da ita.