Nahiyoyin Duniya Nawa Ne? Nazari a kan Ma'aunin Nahiya da Tarihin Ƙidayarta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba saɓanin al'ummomi wajen ƙayyade nahiya da ƙidaya nahiyoyi. Ta bibiyi tarihin iyakoki, da tsarin malaman labarin ƙasa na Musulunci, da binciken masana ɓawon ƙasa, domin nuna cewa babu ma'auni guda da yake fitar da adadin bakwai. Adadin yarjejeniya ce, kuma wajibi ne a koyar da ita tare da tarihinta.

Gabatarwa

Ɗalibin da ya yi karatu a Katsina bisa manhajar da aka gada daga Ingila zai lissafo nahiyoyi bakwai: Afirka, Asiya, Turai, Amurka ta Arewa, Amurka ta Kudu, Ostareliya da Antaktika. Takwaransa na Maraɗi, wanda littattafansa suka bi al'adar Faransa, ya saba ganin Amurka a matsayin nahiya guda, don haka lissafinsa biyar ne, ko shida in an sa Antaktika. Haka ake koyarwa a ƙasashen Latin Amurka. A Rasha kuwa akwai wani lissafin shida, wanda ya raba Amurka biyu amma ya haɗe Turai da Asiya wuri guda. Zobba biyar na tutar gasar Olamfik, waɗanda Pierre de Coubertin ya zana a 1913, nahiyoyin da mutane ke zaune a cikinsu suke wakilta bisa ƙidayar Faransa. Duk waɗannan mutane taswira ɗaya suke kallo. Tunda ƙasar ba ta sauya ba, dole a nemi tushen saɓanin a cikin ma'aunin da kowa ya riƙe.

Ma'aunin ruwa da ma'aunin girma

Ma'anar da aka fi ji ita ce nahiya babbar ƙasa ce da ruwa ya kewaye. In aka bi wannan ma'ana ba sani ba sabo, huɗu za a samu. Afirka da Asiya a haɗe suke ta Suwais, kuma mashigin da ya raba su hannun mutum ne ya haƙa shi, aka buɗe a 1869. Haka ma Amurka biyu, waɗanda mashigin Panama na 1914 ya ratsa. Kenan Afirka da Asiya da Turai dunƙule guda ne, sai Amurka, sai Ostareliya, sai Antaktika. Kalmar "babba" ita ma ba ta da mudu. Ostareliya mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 7.7 nahiya ce, Girinlan mai fiye da miliyan 2 tsibiri ne, kuma babu wata doka ta halitta da ta faɗi inda tsibiri ya ƙare nahiya ta soma.

Inda ma'aunin ya fi rushewa shi ne Turai, kuma tarihin iyakarta ya cancanci a tsaya a kai. Sunayen Turai da Asiya sun samo asali ne daga Girkawa, waɗanda a wurinsu gaɓar yamma ta tekun Ejiyan ita ce Turai, gaɓar gabas kuma Asiya, sannan Libiya, wato Afirka, a kudu. Ga matuƙin jirgin ruwa wannan rabo yana da ma'ana, domin ruwa yake gani tsakanin gaɓa da gaɓa. Amma tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Herodotus ya nuna mamakinsa a kan dalilin bai wa ƙasa guda sunaye uku, ya kuma soki masu sanya kogin Nilu a matsayin iyakar Asiya da Libiya, tunda hakan ya tsaga Masar gida biyu. Ta arewa kuwa an daɗe ana riƙe da kogin Don a matsayin iyakar Turai da Asiya. Da ilimi ya faɗaɗa aka gane Don bai isa ya raba komai ba, sai aka shiga neman wata iyaka. Wani hafsan sojan Suwidin, Philip Johan von Strahlenberg, wanda Rasha ta kama bayan yaƙin Poltava na 1709 ya yi shekaru a Saiberiya, shi ya buga shawarar a ɗauki duwatsun Ural a 1730, kuma masanin Rasha Vasily Tatishchev ya yaɗa ra'ayin. Shawarar ta zo wa daular Rasha daidai, domin ta sa cibiyar mulkinta a Turai, Saiberiya kuma ta zama yankin mallaka a Asiya. Ƙololuwar Ural ba ta kai mita 1,900 ba, alhali Himalaya ta haura mita 8,000, amma Indiya da ke bayan Himalaya "ƙaramar nahiya" kawai ake ce mata. Har yau ba a gama daidaitawa a kan yankin Kokasas ba, shi ya sa tambayar wane dutse ne mafi tsawo a Turai take da amsa biyu: Elbrus mai mita 5,642 in iyakar ta haɗa da shi, in ba haka ba kuma Mont Blanc.

Waɗanda suka raba duniya ta wata hanya

Ba kowace al'umma mai ilimin taswira ce ta ga buƙatar nahiya ba. Malaman Musulunci sun gaji ilimin Girkawa, sun san rabon nan na uku, amma abin da suka fi aiki da shi shi ne iƙlimai bakwai, wato ɗamara bakwai da suka miƙe daga gabas zuwa yamma, ana auna su da tsawon yini mafi tsawo a shekara. Al-Idrisi, a aikin da ya kammala wa Sarki Roger na Biyu a Palermo a 1154, ya raba kowane iƙlimi kashi goma, ya fitar da taswirori 70, kudu kuma a sama. A wannan tsari Biladus Sudan, wato ƙasar baƙar fata, tana iƙlimi na farko tare da kudancin ƙasar Larabawa, Bahar Maliya ba ta raba su ba. Ibn Khaldun ya bi wannan rabo a Muƙaddimarsa ta 1377. Ifriƙiyya, wato sunan Afirka, a bakin waɗannan malamai yankin Tunis ne kawai da kewayensa, kamar yadda take lardin Rumawa tun da fari. Sultan Muhammadu Bello ma, da ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ƙasashen Takrur ya kira yankin da yake bayani a kai. Kalmar "nahiya" kanta aro ce daga Larabci, kuma asalin ma'anarta sashe ko gefe, kamar yadda Bahaushe ke cewa mutanen wannan nahiya yana nufin mutanen yankinsu. Karatun boko ne ya ɗora mata sabon kaya. A Sin ma, taswirar da Matteo Ricci ya fitar a 1602 ita ta yaɗa rabon Turawa, kuma ɗaya daga cikin sassa biyar da ta nuna wata ƙatuwar ƙasa ce ta kudu da aka yi zatonta tun kafin kowa ya hango Antaktika a 1820.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce ilimin ɓawon ƙasa ya riga ya raba gardama. Gaskiya ne masana sun bambanta ɓawon nahiya mai kauri da rashin nauyi da ɓawon teku mai siranta da nauyi, kuma tun daga shekarun 1960 an tabbatar da cewa ɓawon farantai ne masu motsi. Sai dai farantan ba su bi lissafin aji ba. Turai da mafi yawan Asiya faranti guda ne. Indiya tana da nata, wanda ya yi karo da Asiya kimanin shekaru miliyan 50 da suka wuce har ya tayar da Himalaya. Ƙasar Larabawa ɓallewa ta yi daga Afirka, Bahar Maliya kuma ita ce tsagar. Gabashin Saiberiya yana kan farantin Amurka ta Arewa. A 2017 Nick Mortimer da abokan aikinsa sun kawo hujjar cewa wani yanki da ake kira Zilandiya, mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 4.9, nahiya ce duk da kashi 94 cikin ɗari nata yana ƙarƙashin ruwa. Mai kafa hujja da wannan ilimi sai ya yarda ya sauke Turai daga jerin, ya kuma buɗe wa wasu ƙofa.

Na biyu zai ce Turai ta zama nahiya ne saboda tarihinta da al'adunta. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma wanda ya ɗauke ta ya bar ma'aunin ƙasa ya koma ma'aunin al'ada, kuma adalci ya yi amfani da shi ga kowa. Indiya kaɗai ta haura mutum biliyan 1.4, kusan ninki biyu na Turai, da harsuna da addinai masu yawa. Sin tana da nata dogon tarihi. Me ya haɗa Balaraben Yaman da Bajapane in ban da suna da Girkawa suka raɗa wa gaɓar da ke gabas da su? Wannan rashin daidaito ne Martin Lewis da Kären Wigen suka yi wa littafi guda a 1997, inda suka nuna yadda rabon yake ɗaga yanki ɗaya ya zama tsaran wani da ya ninka shi sau huɗu a faɗi.

Ja na uku shi ya fi cancantar a saurara: ko da yarjejeniya ce, ai tana aiki. Na yarda da wannan, kuma ban ga dalilin a soke ta ba. Suna da aka aro yana iya zama na mai shi. Shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963 sun ɗauki sunan lardin Rumawa suka mai da shi makamin neman 'yanci, suka kuma ƙi yarda a ce Sahara ta raba su. Amma yadda ƙungiyoyi ke amfani da nahiya shi ma shaida ne cewa zaɓi ne. Maroko ta fice daga ƙungiyar a 1984, ta shiga magajiyarta, Tarayyar Afirka, a 2017, ƙasarta ba ta gusa ba. A ƙwallon ƙafa Kazakistan ta koma hukumar Turai a 2002, Ostareliya ta koma ta Asiya a 2006, Guyana da Suriname kuma suna wasa da Amurka ta Arewa alhali suna Kudu. Abin da nake ja da shi shi ne tambayar jarrabawa da ke neman adadi guda ta kuma kayar da yaron da ya rubuta shida. Manhaja za ta iya riƙe bakwai a matsayin lissafin aiki, muddin littafin ya gaya wa ɗalibin Katsina wane ma'auni aka bi, wa ya shata iyakar Ural kuma a wace shekara, da dalilin da ya sa ɗan'uwansa na Maraɗi yake lissafa biyar.