Abin Da Masana Kasuwanci Suka Koya A Sabon Ibadan

Yau za mu waiwayi tarihin unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, da yadda cinikin iyayenmu ya zama abin nazari a jami'o'in duniya.

Tsakanin 1962 da 1963 wani masani haifaffen Bagadaza mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna cikinmu. Ɗaya daga cikin tambayoyinsa ita ce: ta yaya falke zai koro shanu daga Arewa, ya ba mahaucin Bayarabe da bai taɓa gani ba bashi, babu banki, babu takarda, kuma kuɗinsa su dawo?

Amsar da ya samu ita ce maigida. Maigida ne ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya adana masa kuɗi. Dillalansa ne ke shiga kara su sayar da shanun a kan la'ada. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Saboda haka dole dillali ya san halin kowane mahauci da yawan bashin da ke kansa. Wanda ya cinye bashi kuwa, masu gidaje za su haɗa baki su daina sayar masa har sai ya biya. Haka abin yake a goro: maigida ne ke tsaye tun daga saye a ƙasar Yarabawa har a ɗaure huhu a tura Arewa.

Cohen ya wallafa bincikensa a littafi a 1969. A 1971 ya ba irin wannan zama suna, wato al'ummar fatake da ke warwatse a garuruwa amma tsari ɗaya ya ɗaure su. Masanin tarihi Philip Curtin ya ɗauki wannan fahimta a 1984 ya auna fataucin sauran duniya da ita.

Abin lura shi ne, binciken bai ce kyan hali kaɗai ya riƙe kasuwar ba. Amanar tana da mai gadi: labari na yawo da sauri, akwai Sarkin Sabo mai raba gardama, kuma duk wanda ya ɓata sunansa ya rasa abincinsa.

Yau muna tura kuɗi ta waya, muna ciniki da wanda babu mai tsaya masa, sannan mu zo muna kukan an cuce mu. Kafin mu ce amana ta ƙare, mu tambayi kanmu: a ƙungiyoyinmu na kara da kasuwa, wa ya san mai cin bashi, kuma wa ke hukunta shi? Dattawan da suka ga wancan zamani suna nan da sauransu. Mu je mu tambaye su tun suna raye.