Yadda bishiya ta shiga takardar izinin gini a tsaunukan Los Anjeles

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jama'a sun yi ta kwarara birnin Los Anjeles na jihar Kalifoniya, filayen kwari suka yi tsada, magina suka ɗaga kai suka dubi duwatsun Santa Monika. Katafila ta sauƙaƙa aikin: a yanke gefen tsauni, a tura ƙasar zuwa gangare, a baje ta, a kafa gida a kai. A lokacin babu dokar da ta tambayi magini ko ya daddale wannan ciko, ko ina ruwan sama zai bi idan ya sauko.

Ruwan ya zo a watan Janairun 1952. Cikon ya jiƙe ya zame, laka ta rufe tituna ta shiga gidajen da ke ƙasa, aka ƙiyasta asarar da ta kai dala miliyan 7.5. A wannan shekarar majalisar birnin ta kafa dokar yanka da cikon ƙasa, irinta ta farko a Amurka. Daga nan duk mai son taɓa gangare sai ya nemi izini, ya daddale ciko, ya fitar da magudanar ruwa. A 1963 aka ƙara tsaurara ta, aka wajabta sa hannun injiniyan ƙasa da masanin duwatsu tun daga zane har ƙarshen aiki.

Mamakon ruwan 1969 ne ya gwada dokar. Masanin duwatsu James Slosson ya ƙirga ɓarnar bisa shekarar da aka gyara kowane fili. Cikin filaye kusan 10,000 da aka yanka kafin 1952, guda 1,040 sun lalace. Cikin kusan 11,000 da aka yanka bayan 1963, guda 17 kacal suka lalace. Tsaunin bai canja ba, ruwan ma ɗaya ne. Bambancin yana cikin sharuɗɗan da aka gindaya kafin a ba da takarda.

Wannan doka ta kare gidaje, amma ba ta hana sare manyan bishiyoyi ba, musamman itacen oak na asalin yankin, wanda kan rayu ɗaruruwan shekaru, saiwoyinsa na riƙe ƙasar sama, inuwarsa na rage ƙarfin ɗigon ruwa. Sai a 1980 birnin ya kafa dokar kare shi, ita ma a filayen da suka wuce eka ɗaya kawai, kuma ga bishiyar da kaurin gindinta ya kai inci 8. Yawancin filayen gidaje ba su kai eka ba, don haka gatari ya ci gaba da aiki.

Gyaran 2006 ya toshe wannan kafa. Aka cire sharaɗin girman fili, aka rage kaurin zuwa inci 4, aka ƙara wasu nau'o'in bishiya uku na asalin yankin, aka ce duk wadda aka sare da izini a dasa aƙalla biyu a madadinta. A 2021 aka ɗaga adadin zuwa huɗu, aka kuma shigar da wasu tsirrai biyu masu gajeren tsayi.

Ƙarfin dokar ya fi fitowa a wurare biyu. Na farko, mai yanka filaye yakan ajiye kuɗin jingina na shekara uku, don kada ya dasa yau ya bar dashen ya bushe gobe. Na biyu, wanda ya sare bishiya ba da izini ba, hukuma na iya hana filinsa takardar izinin gini har tsawon shekara goma. Dalilin a bayyane yake. A unguwar da fili ke kai miliyoyin daloli, tara ba ta wuce kuɗin shan ruwa ga mai gini ba, sai ya biya ya wuce. Fili da ba za a iya ginawa ba kuwa jari ne da ya kwanta, ga haraji da bashin banki suna tafiya.

Duk da haka, lissafin huɗu a madadin ɗaya yana da rauninsa. Dashe huɗu masu kaurin sanda ba su riƙe gangare yadda tsohuwar bishiya ɗaya ke riƙe shi, kuma za su ɗauki gomman shekaru kafin su kama ƙafarta. Ƙaramin fili mai gangare, bayan an fitar da gida da hanyar mota da bangon tare ƙasa, sau da yawa ba shi da wurin da bishiya huɗu za su yi girma. Jinginar ma takan ƙare tun dashen yana ƙarami.

Shi ya sa muhawarar yau ta fi karkata ga matakin zane: a matsar da gida ko a rage faɗinsa domin bishiyar da ke tsaye ta tsira, tun kafin a kai ga batun maye gurbinta. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai gidan da ke ƙasan gangare, wanda ba ya cikin cinikin, ba a kuma nemi sa hannunsa ba, amma rufinsa ne laka za ta fara samu idan sharaɗin da ke cikin takardar maƙwabcinsa bai yi aiki ba.