Kabu-kabun Harlem da Hatimin Hukuma

Titi na 125 shi ne babbar jijiyar unguwar Harlem, a arewacin tsibirin Manhattan na birnin New York. Tun cikin taswirar da aka zana wa birnin a shekarar 1811 aka sa shi cikin titunan da za a faɗaɗa, aka ba shi faɗin ƙafa 100, ya ratsa tsibirin daga gabas zuwa yamma. A kansa gidan wasan Apollo yake, a kansa kuma ginin tsohon otel ɗin Theresa yake, inda Fidel Castro ya sauka a 1960. Wannan duk sananne ne. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne na motocin hayar da ke bin titin, da yadda aka kwashe kusan shekara hamsin ana ja-in-ja kafin hukuma ta yarda ta buga musu hatimi. Labari ne da ya shafi duk wanda ya taɓa ɗaukar mota ya sāke mata ƙira don ta yi aikin da ba a ƙera ta dominsa ba, ko a Harlem yake ko a Kano.

Asalin maganar yana komawa shekarar 1937. A lokacin matsin tattalin arziki ya jefa dubban mutane cikin sana'ar tuƙin tasi, motoci suka fi fasinjoji yawa, direbobi suna ta karya kuɗin mota, abin da ake samu bai isa a gyara birki ko a sāke taya ba. Sai magajin gari Fiorello La Guardia ya sa hannu a kan dokar da ake kira dokar Haas, wadda ta ƙayyade yawan tasi. Kowace motar da aka yarda da ita aka liƙa mata wani ɗan farantin ƙarfe mai lamba a kan murfin inji, wanda ake kira medaliyon, kuɗinsa dala 10. An ba da 13,595, daga baya adadin ya sauko zuwa 11,787, ya kuwa tsaya nan cik har shekarar 1996. Motar da ke ɗauke da wannan faranti ita kaɗai ke da ikon tsayawa ta ɗauki wanda ya ɗaga mata hannu a titi.

To, abin da aka ƙayyade yawansa dole ya yi tsada, mai abu mai tsada kuwa inda kuɗi suke yake nufa. Masu medaliyon suka tattara motocinsu a tsakiya da kudancin Manhattan, wajen manyan otel-otel da ofisoshi, da kuma a filayen jirgin saman birnin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samun tasi a Titi na 125 ya zama aiki, samun direban da zai yarda ya kai baƙar fata gida Harlem daga tsakiyar gari kuwa ya fi wuya. Doka ta hana direba ƙin ɗaukar fasinja, amma dokar tana takarda. Har a shekarar 1999 sai da ɗan wasan fim Danny Glover ya kai ƙara gaban hukuma saboda tasi-tasi da suka wuce shi a Harlem suka ƙi tsayawa.

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Cikin shekarun 1960 mutanen Harlem da Bronx da Brooklyn suka fara mai da motocin gida motocin haya, wato abin da a ƙasar Hausa ake kira kabu-kabu, su kuwa can suna ce musu jifsi. Mutum ya sayi tsohuwar mota, sau da yawa wadda 'yan sanda ko masu tasi suka gama da ita, ya ɗaura mata rediyon magana da ofis, ya rubuta suna a ƙofa, wani ma ya sa fitila a rufi har da mita. A ka'ida sai an kira ta waya za su je. A zahiri suna tafe a hankali gefen titi suna ɗan taɓa oda, wanda ke bukata ya ɗaga hannu. A 1967 birnin ya ba da umurni a yi wa dukan masu medaliyon fenti rawaya don fasinja ya bambance halal da haram. Wani kamfanin baƙar fata na Brooklyn mai suna Black Pearl, wanda Calvin Williams ya kafa, ya mai da abin ba'a cikin tallarsa, yana cewa su ba rawaya ba ne, ko'ina suna zuwa. A bakin Amurkawa kuwa, a ce da mutum rawaya, ana nufin matsoraci ke nan.

Ba za a musa amfanin da waɗannan motoci suka yi ba. Su ne suka riƙa kai mai naƙuda asibiti da ma'aikacin dare gida. Amma fasinjan da ya shiga ba shi da hanyar sanin ko inshorar motar ta haya ce ko ta gida, ko kuwa akwai wanda ya leƙa ƙarƙashinta bayan an gama gyare-gyaren. Jihar New York ta fara duba lafiyar motoci tun 1957, sai dai duban shekara-shekara da aka tsara don motar da ke zuwa ofis ta dawo ba ya isar motar da ke yini tana kwana a kan titi.

A nan ya kamata a dubi yadda Amurka ke tabbatar da lafiyar mota tun daga masana'anta, domin tsarin ya bambanta da na Turai. A 1965 wani lauya mai suna Ralph Nader ya wallafa littafin da ya tona asirin sakacin kamfanonin mota, a watan Satumba na 1966 kuma shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar tarayya ta kiyaye lafiya a motoci. Yawancin ka'idojin farko sun fara aiki a 1968. A ƙasashen Turai hukuma ce ke gwada samfurin mota ta amince kafin a sayar. A Amurka kuwa maƙeri ne da kansa yake shaida cewa motarsa ta cika ka'ida, ya manna wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba, mai ɗauke da sunansa, da watan da aka ƙera motar, da iyakar nauyin da za ta ɗauka. Hukuma takan sayi motoci daga baya ta gwada, in ta sami ƙarya ta ci tara, ta sa a janye su. Tirela ma haka take ɗauke da tata takardar, kuma daga 1998 aka wajabta wa sababbin manyan tireloli ƙarfen kariya na baya da aka gwada ƙarfinsa, don kada ƙaramar mota ta kutsa ƙarƙashinsu.

Wanda ya sāke wa sabuwar mota ƙira kafin a sayar da ita, dole ya manna tasa takardar kusa da ta maƙerin asali, ya ɗauki alhakin abin da ya taɓa. A 1974 aka ƙara cewa dillali ko garejin gyara ba shi da ikon lalata ko cire wani abin kariya da doka ta wajabta. Amma motar da ta riga ta shiga hannun mai ita, ta tsufa, ta sāke hannu sau uku, gwamnatin tarayya ba ta da sauran ido a kanta sosai. Wannan ya rage ga jiha da birni. Motocin Titi na 125 kuwa kusan dukansu irin waɗannan ne.

Birnin ya daɗe yana jan ƙafa. A 1971, zamanin magajin gari John Lindsay, aka karɓe sha'anin tasi daga hannun 'yan sanda aka kafa Hukumar Tasi da Limuzin, wato TLC, amma sai a 1987 ikonta ya kai kan motocin hayar unguwanni sosai. Daga nan aka bukaci lasin na direba, da na mota, da na ofishin da ke tura ta, da inshorar haya, da lambar mota ta musamman. Aka yarda da su, amma rabin yarda: ɗaukar mai ɗaga hannu a titi ya ci gaba da zama laifi, alhali shi ne yawancin abincinsu.

A cikin waɗannan shekaru ne 'yan Afirka ta Yamma suka fara yawa a Harlem. Fatake Hausawa da Zabarmawa daga Nijar, da 'yan Senegal da Mali da Gini, suka baza haja a gefen Titi na 125, har watan Oktoba na 1994 da magajin gari Rudolph Giuliani ya sa 'yan sanda suka tashe su, aka mai da su kasuwar Malcolm Shabazz a Titi na 116. Tuƙin haya na cikin sana'o'in da baƙin Afirka suka rungumi, tare da 'yan Jamhuriyar Dominika da suka fi kowa yawa a cikinta. Sana'a ce mai hatsari ƙwarai: a farkon shekarun 1990 ana kashe gomomin direbobi a shekara a birnin, mafi yawansu na motocin unguwanni.

Wannan ne ya kawo gyaran da ya fi kowane jawo gardama, wato shamakin da ake kafawa tsakanin direba da fasinja, mai kauri, wanda harsashi ba ya saurin hudawa. A 1994 aka wajabta shi ga yawancin tasi masu rawaya, a shekarar 2000 kuma, bayan wani jerin kashe-kashe, aka ce motocin unguwanni su sa shamaki ko kyamara. Shamakin ya tsare rayukan direbobi. Amma maƙerin Ford Crown Victoria ko Lincoln Town Car bai gwada motarsa da bango a tsakiya ba. Idan direba ya taka birki da ƙarfi, fasinjan da bai ɗaura bel ba sai ya buga fuska a jikin shamakin, ga ƙusoshi ga akwatin miƙa kuɗi, likitocin birnin suka yi ta ɗinke leɓe da hanci. An toshe wata ɓaraka, wata ta buɗe. Sai a 2013, da motar Nissan NV200 da birnin ya zaɓa ta zama tasinsa, aka sami wadda aka yi wa gwajin karo da shamakin a jikinta tun daga masana'anta. Shekara goma sha tara ke nan tsakanin wajabta abu da gwada shi yadda ya kamata.

Cikakken hatimin ya zo ne a wannan shekara ta 2013. Magajin gari Michael Bloomberg ya nemi majalisar jiha ta yi dokar da za ta halatta wa motocin unguwanni ɗaukar fasinja a titi, aka zartar a 2011, masu medaliyon, wanda a lokacin kuɗinsa ya kai dala miliyan ɗaya, suka garzaya kotu. A watan Yuni na 2013 babbar kotun jihar ta tabbatar da dokar, a watan Agusta motocin suka fito. An tanadi izini har 18,000, kashin farko a kan dala 1,500 na shekara uku. An shata musu iyaka: a Manhattan ba za su ɗauki fasinja ba sai arewa da Titi na 110 ta yamma da Titi na 96 ta gabas, Titi na 125 ya faɗo cikin yankinsu sosai. Sharuɗɗan gyara kuwa a rubuce suke dalla-dalla: fenti tsanwa iri guda, mita da shago mai lasin ya ɗaura ya buga wa hatimi, fitilar rufi, na'urar karɓar kati, na'urar nuna inda mota take, da shamaki ko kyamara. Bayan an gama sai a kai motar cibiyar duba motoci ta hukumar a Woodside, cikin Queens, a gwada birki da fitilu da hayaƙi da mita kafin ta ɗauki ko mutum ɗaya.

Kashi ɗaya cikin biyar na izinin an keɓe shi ga motocin da mai keken guragu zai iya shiga. Wannan gyara ne mai zurfi: ana yanke daɓen motar a saukar da shi, a karkatar da bututun hayaƙi, wani lokaci har tankin mai, a kafa gangara da maɗaurai. Irin wannan aiki ba na mai walda na bakin hanya ba ne. A nan ne takarda ta biyu ta jikin ƙofa take da muhimmanci, domin ita ce ke nuna wanda ya yanke motar da nauyin da za ta iya ɗauka yanzu.

Abin da ke faruwa idan aka yanke mota aka ƙara mata nauyi, sa'an nan ido ya kauce daga kanta, jihar ta gan shi ranar 6 ga Oktoba, 2018, a ƙauyen Schoharie, yamma da Albany, nesa da Harlem amma ƙarƙashin dokar jiha ɗaya. Wata Ford Excursion ƙirar 2001, wadda aka tsinka biyu aka ƙara mata tsawon ƙafa 12 ta zama limuzin, birkinta ya ƙi ci a gangare. Mutum 20 suka mutu. Masu duba motoci na jiha sun riga sun hana ta hawa titi kafin ranar, amma ba wanda ya kama ta. Hukumar binciken hatsari ta tarayya ta ɗora laifi a kan mai motar, ta kuma zargi ma'aikatun jiha biyu da sakaci. A 2020 aka yi sababbin dokoki da suka wajabta bel a irin waɗannan motoci, da lasin na manyan motoci ga direbansu, da ikon kama duk wadda ta faɗi duba.

Su kuwa tsanwayen tasi na Titi na 125, hatimin ya zo musu a makare. Kamfanin Uber ya shiga New York a 2011, kafin a ankara fasinja ya koma kiran mota da wayar hannu, ba ruwansa da launin fenti ko iyakar Titi na 110. Direban da ya kashe dubban daloli a kan fenti da mita da fitila ya ga maƙwabcinsa da baƙar Toyota Camry, wadda ba a taɓa mata komai ba sai lambar hukuma, yana samun abin da ya fi nasa. A 2015 tsanwayen motocin sun kai dubbai a titunan birnin. Zuwa 2023 waɗanda suka rage suna aiki ba su kai dubu ɗaya ba.